Amsa ga maman goyo: ki tashi yau, kar ki jira gobe

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta ta. Goyonki wata takwas, ranar allurarki ta tazarar haihuwa ta wuce da wata biyu, maigida ya dawo daga Agadas daren jiya, kina tambaya ko akwai abin da za a sha don kar ciki ya shiga. Akwai. Amma da awa ake lissafinsa, don haka ki yafa mayafi ki nemi farmasi kafin ki gama karanta surutuna.

Ki ce a ba ki NorLevo ko Postinor, sinadarinsu ɗaya, levonorgestrel. A cikin awa 72 ake so a sha, kuma na yau ya fi na gobe aiki nesa ba kusa ba. Ba ya hana ki ba da nono. Ba kuma zubar da ciki yake yi ba, fitar ƙwai yake jinkirtawa. In ciki ya riga ya shiga ba ya fitar da shi. Na faɗi wannan ne saboda masu shigowa ƙarƙashin kowace tambaya da wa'azi.

Ni abin da ya same ni, shekara uku ke nan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tiyata aka yi mini a haihuwar, likita ta ce in huta shekara biyu. Yaro yana wata bakwai haka ta faru. Na hau kabu-kabu tun daga unguwar Karkada a Damagaram cikin ranar nan ta watan Afrilu, da yaro a bayana, na shiga wata farmasi, na matsa kusa na yi magana ƙasa-ƙasa. Sai mai sayarwar, yaron da bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya ɗaga murya: "Hajiya, na bayan kwanciya kike nufi? Ina mijin naki?" Maza huɗu a tsaye, ɗaya ma dattijo ne mai kama da abokin babana. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da aurena, da goyona a baya yana kallo! Har murmushi ya yi. Murmushin nan ne ban yafe ba. Na ce farasetamol nake so, na biya, na fito ina hawaye har bakin Kasuwar Dole.

Na dawo gida wata maƙwabciya ta jiƙa mini kanwa da lemun tsami. Zawo kawai na sha na kwana biyu. Wata ta ce kafson nan tupaye na 'yan tallan magani. Duk banza ne, kar ki ɓata cikinki, kuma kar ki sayi ko da na gaskiyar a tiren da ya wuni cikin rana. Ƙarshenta kwanika na yi. Yarinyar tana nan, ita ce sanyin idona, amma cikin nan na ga lahira kusa, kuma uwar mijina har yau cewa take ni na yi sakaci, kamar ni kaɗai na yi cikin.

Sai daga baya wata ungozoma a CSI, asibitin unguwa, ta zaunar da ni. Ashe ko kwana uku sun wuce da sauran dama. Akwai ellaOne, ana shan ta har kwana biyar, sai dai mai shayarwa ta tambayi ungozoma tukuna saboda nono. Abin da ya fi duka ƙarfi shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda suke ce wa siterile: in an saka cikin kwana biyar, fiye da 99 cikin 100 ba sa ɗauka, kuma ta zauna miki shekaru. Ita nake da ita yanzu. Jinin al'adata ya ƙaru a farkon watanni, gaskiya, amma na daina ƙirga ranar allura.

Af, in kin yi amai cikin awa biyu da shan NorLevo ko Postinor ɗin, ki sake shan wani. In kina da jiki sosai, ko kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, ki faɗa musu, don suna rage masa ƙarfi. Kuma daren jiya kaɗai ya rufe miki, na yau ba ruwansa, ga maigida ya daɗe a hanya, kin dai gane. Ki koma a yi miki allurarki, ki yi hankali na mako guda. In al'ada ta yi lattin fiye da kwana bakwai, ko ba ta dawo ba tun haihuwa, ki yi gwaji bayan mako uku.

Kar ki yarda da masu cewa nono yana tsare ki. Bayan wata shida wannan magana ta ƙare. In kunyar farmasin kike ji, rubuta sunan a takarda ki miƙa, ko ki tura shi maigidan ya sayo, shi ba wanda zai tambaye shi ina matarsa.