Wace tab za ka ce a saya wa yaro?

Salisu, na ga saƙonka tun da rana, aiki ne ya sha kaina sai yanzu na samu zama. Ka ce Hajiyar nan da take kawo mana wayoyinta ta tambaye ka wace tab, wato tablet, za ta saya wa yaranta biyu, kai kuma ranka ya tafi kan masu kalar nan da ake jerawa a bakin layi, masu rigar roba da mariƙi da hoton katun a kwali, tunda an ce na yara ne kuma ga arha, har ma za ta iya ɗaukar biyu kowa da tasa. To gara da ka tambaya kafin ka buɗe baki.

Mu masu gyara ne, ba ranar saye muke dubawa ba, ranar da za a dawo mana da ita muke dubawa. Kuma tab ɗin yaro sai ta dawo, ko ta faɗo daga kan gado, ko ƙanensa ya taka ta, ko a zuba mata koko, ko bakin caji ya saki. Shi ya sa kafin kala, kafin kamara, kafin komai, abin da za ka fara tambayar kanka shi ne, in wannan ta fashe gobe zan samu sikirin ɗinta da tacinta, wato gilashin da ake taɓawa, da batirinta a kasuwannin waya na nan Kano, Farm Centre ko Beirut Road? In amsar a'a ce to ka kauda kai ko da kyauta ake rabawa.

Masu kalar nan da kake magana ka sha ganin cikinsu ai. Ka cire rigar robar, ka sa farce ka ɓalle murfin baya, me za ka tarar? Fanel, wato allon injinta, ɗan mitsitsi a kusurwa, batir siriri an liƙe shi da gam, wayoyi biyu ja da baƙi an yi musu soda kai tsaye, jikin batirin ko rubutu babu, sauran wajen duk fili ne wayam, alhali a kwali an buga 8000mAh da manyan baƙaƙe. Sannan in tacin ya fashe ba da sunan tab ɗin za ka je nema ba, don sunan ba ya nufin komai, masana'anta ɗaya ce take bugawa kowane ɗan kasuwa ya manna nasa. Sai ka ciro tacin ka karanta lambar da ke jikin filas ɗinsa, wato faffaɗar wayar da ke haɗa shi da fanel, ka dinga yawo shago shago kana gwadawa, tab biyu suna ɗaya kwali ɗaya amma filas daban, wani ƙafa 30 wani 40 wani 50. Ka wuni kana zagaye a rana, ƙarshe ka dawo ka ce wa mai kaya babu, shi kuma gani zai yi kai ne ba ka iya aiki ba.

Ga kuma ƙaryar lamba. Ka shiga setin za ta nuna maka ram 8GB, memori 256GB, Android 13, duk rubutu ne kawai aka canza a cikin sofwaya. Ka sa mata AIDA64 ko CPU-Z, manhajojin da ke nuna bayanan cikin na'ura, ka duba, kuma kar ka tsaya kan sunan Android ɗin, ka nemi lambar API, lambar da kowane Android yake da tasa, ita ce ba su cika taɓawa ba. Android 13 na gaske 33 ne, Android 10 kuma 29, in ka ga 27 to Android 8.1 ce tun ta 2017 aka yi mata kwalliya. Memorin kuwa ka tura mata manyan bidiyo ka ga inda za ta tsaya. Sai ka buɗe Play Store ka shiga setin ɗinsa can ƙasa, akwai inda yake faɗa ko Google ta tantance na'urar ko ba ta tantance ba. Wadda ba a tantance ba wasu manhajojin ma ba za su hau ba, wasu kuma da tarkacen talla suke zuwa tun daga masana'anta, yaro yana kallon karatu sai hoton da bai dace ba ya faɗo masa. Ko a 2025 sai da FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan irin waɗannan kayan Android marasa rajista masu zuwa da bairos a ciki. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili, ɗan mutane ne zai riƙe.

To me za ka ce mata? Ka fara tambayarta shekarun yaran tukuna, da abin da take so su yi da ita. In akwai wanda bai kai shekara biyu ba ka gaya mata gaskiya ta bar kuɗinta, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da biyu ba a zaunar da shi gaban sikirin, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Ciniki zai wuce ka yau amma matar ba za ta manta ba. In 'yan nazire ne ko farkon firamare, mai inci 8 ta ishe su, hannunsu zai iya riƙe ta, babba tana musu nauyi su yi ta saki. In sun tasa, 'yan aji biyar shida ko sakandare da za su karanta littafi a ciki su yi aikin gida, sai a je inci 10 ko 11.

Ram kar ya gaza 3GB, 4GB ya fi kwanciyar hankali, memori 64GB kuma ta zama tana da wajen sa katin memori, don katun da karatu da za a sauke a ajiye su ne masu cin wuri. Ka kula da wayon nan na 4+4 da ake rubutawa a kwali yanzu har da manyan kamfanoni, na farkon ne ram, na biyun aro aka yi daga memori, ba gudunsu ɗaya ba, kai dai ka ƙirga na farko. Kamara kuwa kar ma ka ɓata bakinka, yaro ba ɗaukar hoton biki zai je ba.

In ni za a bi, Samsung Tab A9 nake fara ambata, wadda ta fito a 2023, inci 8.7, ram 4GB, memori 64GB, batir 5100mAh, bakin caji Type-C, ga Samsung Kids, shafin yara, a cikinta tun asali. Ba don ta fi kowa ba, don kayanta suna nan a kasuwa ne kuma ko yaron da ya fara koyo jiya ya ga an buɗe irinta. Yayarta A9+ inci 11 ce ga manya. Akwai Redmi Pad SE ita ma inci 11 da batir 8000mAh na gaske, akwai Lenovo, akwai na gidan su Tecno da Infinix da itel waɗanda in da garanti Carlcare, wajen gyaransu, za a kai. Farashi ba zan rubuta maka a nan ba tunda dala ce take juya shi, ka leƙa ka ji na ranar. Amma in kuɗinta na masu kala biyu ne, ka lallaɓa ta ta ɗan ƙara ta sayi ɗaya mai kyau su dinga karɓa-karɓa, ana iya buɗe wa kowa nasa shafin a ciki. Za su yi rigima kam, wannan dole ne, amma rigimar yara biyu kan tab mai aiki ta fi sauƙi a kan biyu matattu a durowa kafin babbar sallah.

Wasu za su zo maka da Amazon Fire ta yara, ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ko Ingila ko sun gani a intanet. Rigarta tana da kauri sosai, wannan ba musu. Sai dai ba Play Store a cikinta, nata shagon daban ne, ba ta cin layi, kuma katun da wasannin da ake yabonta da su na biyan kuɗi ne wata wata bayan na kyautar ya ƙare, da katin da zai iya biyan kuɗin waje. Garantin shekara biyu da ake cewa in yaro ya fasa a canza, ai sai ka mayar musu da ita can. Ana cusa mata Play Store, muna yi, amma ba aikin da zan dafa ƙirji a kansa ba ne. In kyauta aka ba su sai a yi maneji, amma ba zan tura mutum ya saya ba.

Sai Landan yus, wato na hannu da ake kawowa daga waje, a nan ne ake yanka mutane da yawa. iPad tana da ƙarko, ba wanda zai ce ba haka ba, amma ka san shekarunta. iPad 2 da mini ta farko sun tsaya a iOS 9, wato sofwayar da iPad take aiki da ita, Air ta farko da mini 2 da 3 sun tsaya a iOS 12, jikinsu fes kamar sababbi amma ka je sauke manhaja ta ce maka sai sabon iOS, shi ke nan an sayi allo. In za a sayi ta hannu a nemi irin ta 2021, ƙarni na tara, ita gilashinta daban sikirin daban, in yaro ya fasa gilashin kawai za a canza ba duka ba, kuɗin gyara ya ragu sosai. Kuma kar a ba da ko sisi sai an goge ta gaba ɗaya a gaban mai sayarwa, a haɗa ta da intanet a tashe ta daga farko. In ta nemi iCloud ɗin wani, wato asusun Apple na tsohon mai ita, ka ajiye wa mai sayarwa kayarsa. In ta nuna wata makaranta ko kamfani ke kula da ita, irin waɗanda ake kwasowa daga makarantun waje, ita ma ka ajiye, ko an tsallake makullin ranar da aka sake gogewa zai dawo. Android ma haka, ka goge ka ga ko za ta nemi Gmail ɗin tsohon mai ita.

Maganar mai layi ko marar layi, ga ƙananan yara ni marar layi na fi so. Ta fi arha, sannan intanet yana hannun uwa, in ta kunna hosfot a wayarta an samu, in ta kashe an huta. Ka sa wa ɗan shekara shida layi da data sai dai ka ji labari.

Bakin caji kuwa ai ka ga rabin aikin da ke shigo mana shi ne. Duk mai tsohon bakin nan na micro ka bar ta, yaro bai san sama da ƙasa ba, cusawa kawai yake har ya karya harshen. Type-C ko ta ina ka sa ta shiga. Amma ko ita ba ta jure a dinga wasa tana jone, kuma laifin ba na yaran kaɗai ba ne, KEDCO ta kawo wuta awa biyu kowa ya ruga soket, yaro ya zauna a gindinsa yana gem waya a miƙe yana ja. Ka ce mata caji a ɗakinta za a dinga yi, da cajar kirki ba ta ɗari biyar ta bakin titi ba. Kuma lokacin zafin nan na Maris da Afrilu da Kano take haura digiri 40, kar a bar ta a mota ko ƙarƙashin filo tana caji, batir ne zai kumbura kamar gurasa a tanderu ya ɗago sikirin daga ciki. In ta taɓa ganin gefen ya fara buɗewa a kashe a kawo, kar a danna, kar a ci gaba da caji, wuta yake iya kamawa.

Rigar roba mai kaurin kusurwa da sikirin gad na gilashi, a sa su tun a shago kafin a miƙa wa yaro, ba sai an je gida ba. Kala da katun ɗin da ya ja hankalinka ai a rigar suke, sai a saya wa tab ɗin kirki irinta.

Kuma kar ka bar ta ta tafi da ita a kwali, ka zauna ka saita mata, wannan yana cikin aikinmu ko ba a biya ba. Kar a sa Gmail ɗinta a ciki, hotunanta da lambobinta duk za su sauko hannun yara, in da katin banki a jiki kuma wata rana sai dai ta ga alat an sayi zinare a gem. Ka sauke Family Link, manhajar Google ta kula da yara, a wayarta, ka buɗe wa yaran nasu asusun ta ciki, dama Google ta tanadi haka ga 'yan ƙasa da 13. Daga wayarta za ta sa awa nawa a rana, ƙarfe nawa tab ɗin za ta kulle kanta da dare, lokacin Islamiyya ma ta iya kulle ta daga inda take, kuma ba manhajar da za ta hau sai ta yarda. Ka rufe YouTube na manya ka sa YouTube Kids, amma ka gaya mata shi ma ba malami ba ne, ta dinga leƙawa. Manhajar Alƙur'ani ka sauke mata karatun gaba ɗaya ya zauna ba sai da data ba, kyauta ne, kar wani ya ƙara mata kuɗi da sunan wai tab mai Alƙur'ani ce ta musamman. Khan Academy Kids ma kyauta ce ba talla, ta Turanci da lissafi. Faswod kuma ita za ta danna da hannunta ka juya kai, ta rubuta a takarda ta adana, kar ka riƙe sirrin kwastoma ko a kai ko a waya.

Kafin a biya, ka danne aikon ɗaya, wato alamar manhaja a fuskar tab ɗin, ka ja shi kusurwa zuwa kusurwa, in ya kuɓuce a wani waje tacin yana da mataccen wuri. Ka buɗe farin shafi ka ƙure haske ka duba tabo, ka gwada sifika da wayfay, ka jona caja ka ɗan girgiza wayar ka ga ko cajin yana yankewa. Sannan a rubuta rasit da lambar siriyal da kwanakin garanti, in ta hannu ce har da sunan shagon da lambar mai sayarwa, don kayan sata suna yawo kuma in magana ta tashi kai da ka raka ta za a fara nema.