Machi ne ko Cho? Yadda za ka rubuta adireshin Japan a wayarka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina yana karatu a Tokyo, ina so in aika masa da kaya. A adireshin da ya turo min akwai wannan alama 町, amma Google Maps wani lokaci ya ce "machi", wani lokaci "cho". Wayar ce ta rikice? Kuma yaya zan rubuta ta da kaina? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Wayarka lafiya lau take, kada ka kai ta wajen mai gyara. Wannan alama ɗaya ce daga cikin haruffan da Japanawa suka aro daga Sin, waɗanda suke kira kanji, kuma ma'anarta gari ko unguwa. Karatu biyu gare ta: "machi" na asalin Japananci, da "cho" mai dogon wasali, wanda ya biyo lafazin Sinanci. A cikin Tokyo kaɗai akwai 大手町 da ake cewa Otemachi, ga kuma 永田町, Nagatacho, inda majalisar ƙasar take. Alama ɗaya, kira biyu, kuma kallon ta ba zai gaya maka wanne ba ne. Su kansu 'yan ƙasar sukan yi tambaya idan suka je baƙon wuri.

Ka dube ta da kyau: gefen hagu murabba'i ne da aka raba gida huɗu, wato 田, gonar shinkafa, gefen dama kuma 丁. Zane bakwai ne duka, 'yan aji ɗaya na firamare ake koya wa.

To, batun rubutawa. A Android ka shiga saitin Gboard, wato allon rubutu na Google, ka je wajen harsuna, ka ƙara Japananci, ka zaɓi tsarin QWERTY don shi hannunka ya saba da shi. Ka buga machi, za ka ga まち, sama da allon kuma zaɓuɓɓuka sun jeru. A nan ake tafka kuskure. Za ka ga 町, ka ga 街 wanda shi ma machi ne amma ya fi nufin titi mai shaguna da hada-hada, har da 待ち, wato jira. Na farkon kake so. Idan kuwa ɗayan karatun ne, kada ka buga cho, sai chou, domin da harafin u ake ja wasalin. Ranar da na fara gwada chouchou don in sami 町長, shugaban gari, sai ga 蝶々 a cikin jerin, shi kuwa malam-buɗe-littafi ne!

Da ka gane ta, za ka riƙa cin karo da ita ko'ina: 港町 minatomachi, garin da ke da tashar jiragen ruwa, 下町 shitamachi, tsofaffin unguwannin 'yan kasuwa da masu sana'a irin su Asakusa, 町内会 chonaikai, ƙungiyar mazauna unguwa. Amma kada ka haɗa ta da 丁目, chome, wanda ke biyo bayan lamba a adireshi, yana nuna sashen unguwar.

Ni dai shawarata, tunda kaya ne da kuɗi a ciki, kada ka sake buga adireshin da hannu. Ka danna saƙon ƙaninka ka riƙe, ka kwafe, ka liƙa. Sannan ka nemi lambar gidan waya, mai lamba bakwai kamar 100-0004 ta Otemachi. Ka sa ta a shafin Japan Post, wato gidan wayar Japan, zai nuna maka sunan unguwar da yadda ake karanta shi. Idan kuma a takarda adireshin yake, buɗe kyamarar Google Translate ka haska shi, ka kwafi rubutun Japanancin, ba fassarar ba, don takan fassara sunan unguwa kamar kalma ce ta yau da kullum.