Taguwa, Raƙumi da Kyamara Biyu

Tambaya: Malam, na ji a rediyo wai masana na auna ƙananan igiyoyin teku da kyamara biyu. "Igiyar ruwa" daidai ce? Kuma me ya sa sai biyu? (Ɗalibi daga Damagaram)

Amsa: Daidai ce, sai dai 'yan jarida sun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Tsunami igiya, ɗan motsin ruwan tafki ma igiya! Alhali muna da raƙumin ruwa, kuma a bakin malaman tafsiri za ka ji taguwar ruwa. Taguwa ai raƙuma ce. Tozo Bahaushe ya hango yana tasowa. Amma yau ka ce wa yaro taguwa, riga zai miƙo maka.

Waɗanda kake nufi ba su kai raƙumi ba. Yamutsewar fuskar ruwa ce in iska ta shafe ta. Mafi ƙanƙantarsu, masu tazarar ƙasa da santimita 1.7 daga tozo zuwa tozo, ba nauyin ruwa ke kwantar da su ba, ƙarfin nan ne na fatar saman ruwa da ke riƙe ƙwaro bai nutse ba. Na'urar awon igiya da ke yawo a kan teku ta yi musu girma, ba ta jin su.

Batun biyu kuwa, miƙa yatsarka, ka rufe idon dama, ka buɗe ka rufe na hagu. Yatsar ta yi tsalle ko? Girman tsallen shi ke nuna nisa. Haka ake kafa kyamarori biyu a tazarar da aka sani, su ɗauka a lokaci guda, kwamfuta ta gwama hotunan ta fitar da tudu da kwarin ruwan. An daɗe ana wannan aiki a hasumiyar Acqua Alta da ke cikin teku kusa da Venice a Italiya. Ƙyallin rana ne babban abokin gabar kyamarorin. Ba aikin banza ba ne: daga irin waɗannan 'yan igiyoyi radar tauraron ɗan'adam ke gane ƙarfin iska.

Tambaya: To ina "ido ba mudu ba, ya san ƙima"? (Wata malama daga Kumasi)

Amsa: Ƙiyasi ake nufi, Malama, ba awo ba. Mai awo ba ya sayar da gero da ido.

Tambaya: Ambaliya da igiya ɗaya ne? (Mai karatu daga Yola)

Amsa: A'a. Sai ruwa ya ƙetare gaɓa ya ci gari ake cewa ambaliya.