Amsa kan MediatR 12: gyaran rajista da tarkon da ke bayansa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kun ɗaga MediatR, fakitin da ke kai kowace buƙata ga handila (ajin da ke aiwatar da ita), daga siga ta 11 zuwa ta 12 a API ɗinku na ASP.NET Core, tun daga nan manhajar ta ƙi tashi, tana cewa ta kasa loda MediatR.ServiceFactory. Ni ma na ci karo da wannan a 2023, jim kaɗan bayan fitowar sigar, kuma sai da na kwana biyu a kansa.

Abin da ya faru shi ne, a siga ta 12 an cire ServiceFactory ɗungurungum, MediatR ya koma amfani da IServiceProvider kai tsaye. Tsohon fakitin nan, MediatR.Extensions.Microsoft.DependencyInjection, an haɗe aikinsa cikin babban fakitin. In ka bar shi a aikinka (project), lambar za ta haɗu lafiya ƙalau, sai a wajen tashi ya shiga neman abin da babu. Ka cire shi daga kowane fayil na csproj, ba na API kaɗai ba. A wurinmu a cikin aikin gwaji ya maƙale, sai da na buga `dotnet list package --include-transitive` sannan na gano shi. Bayan haka ka gyara layin rajista a Program.cs ya zama:

`builder.Services.AddMediatR(cfg => cfg.RegisterServicesFromAssemblyContaining<CreateOrderHandler>());`

Ka sa sunan wani ajin da ke zaune a inda handila ɗinku suke. In suna cikin wani aiki daban kai kuma ka nuna masa Program, manhajar za ta tashi, amma buƙatar farko za ta faɗi da cewa ba a yi wa IRequestHandler rajista ba.

To, wannan duk mai sauƙi ne, domin kuskuren yana faɗin kansa. Wanda nake so ka zauna a kansa shi ne na umarnin da ba sa dawo da komai. A da IRequest yana gadon IRequest<Unit> ne, yanzu an raba su. Handila zai dawo da Task kawai, ka goge Unit.Value, kwamfaila (compiler) ma za ta tuna maka. Abin da ba za ta tuna maka ba shi ne IPipelineBehavior ɗinku, wato matakin da buƙata ke ratsawa kafin ta isa handila. In an rubuta masa sharaɗin `where TRequest : IRequest<TResponse>`, waɗannan umarnin sun daina cika sharaɗin, sai kawai a tsallake shi. Babu kuskure, babu gargaɗi a log.

Haka ta faru da mu. Muna da umarnin soke oda wanda dole sai an rubuta dalili, FluentValidation, fakitin tantance bayanai, ke tsare shi ta cikin behavior. Mun ɗaga siga, gwaje-gwaje duk sun yi kore, muka tura. Bayan mako guda wata abokiyar aikinmu ta kira ni teburinta ta nuna min layuka a rumbun bayanai, gurbin dalili fayau. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, domin odar mutane ce da kuɗinsu. Ashe gwajinmu validator ɗin kaɗai yake taɓawa, babu wanda ke bi ta Send, hanyar da ake aika buƙata ta MediatR. Gyaran bai wuce layi ɗaya ba: `where TRequest : notnull`. Ka duba behavior ɗinku ɗaya bayan ɗaya, musamman na tantance izini da na transaction, don su ne ɓarnarsu ta fi muni. Ni na fi son yi musu rajista da cfg.AddOpenBehavior a wuri guda, tunda yadda ka jera su haka za su gudana.

Kada ka jingina da ValidateOnBuild, zaɓin da ke duba rajistar sabis a lokacin tashi, a nan. Yana da amfani wajen kama sabis ɗin da aka manta, amma wannan ba zai gan shi ba. Kafin ku tura, rubuta gwaji guda da WebApplicationFactory, mai tayar da API ɗin a cikin gwaji, ka aika umarni marar amsa ɗauke da bayanan da ka san ba daidai ba ne, ka tabbatar an mayar da shi. In ya wuce salin-alin, turo min layin where ɗin nan mu duba tare.