Me ya sa iPhone ba ta barin a sa manhaja daga waje?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na bar Android na koma iPhone, sai na tarar ba na iya sa komai sai ta App Store, alhali da can ko APK, wato fayil ɗin manhajar Android, aka turo min ina instolin abina. Abokina ya ce don tsaro ne, ni kuma gani nake kuɗi kawai suke nema. Waye da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗan uwa, abokinka bai yi ƙarya ba, tsaron na gaske ne, kuma ba na so ka raina shi. Bari in nuna maka yadda ake cin mutane ta APK. Saƙo ne zai shigo, wai kayanka sun iso danna nan ka ga inda suke, kana dannawa sai a ce sai ka sauke wata manhaja, kana sawa sai ta roƙi izinin Accessibility, wanda asalinsa don taimakon masu larurar gani aka yi shi, to daga ka ba ta shi ke nan, tana ganin duk abin da ke kan sikirin ɗinka, tana karanta lambar da banki ya turo, kai har shafin bogi take ɗorawa a kan na bankinka ka rubuta lambar sirrinka da hannunka. Haka wata muguwar manhaja mai suna FluBot ta yi ta yi wa mutane a Turai har sai da 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗu da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka karya ta a 2022. A iPhone wannan hanyar a toshe take, ko ka danna linkin babu inda manhajar za ta shiga. Ga dattijo ko yaro ko wanda duk abin da aka turo sai ya danna, wallahi wannan ba ƙaramar kariya ba ce.

Amma fa kar a ce maka duk abin da ke cikin App Store tsarkakakke ne. A 2015 an samu XcodeGhost, masu haɗa manhaja a China suka yi amfani da gurɓataccen kayan aiki ba su sani ba, cutar ta bi ta shiga manhajoji da yawa har da WeChat, kuma duk sun wuce tantancewar Apple. Manhajar leƙen asiri Pegasus ta kamfanin NSO kuwa ba ruwanta da shago, ta iMessage, manhajar saƙo ta iPhone, ta riƙa shiga ba tare da an danna komai ba. Babban abin da ke tsare waya shi ne yadda aka killace kowace manhaja ba ta leƙa kayan 'yar uwarta, da izinin da kake bayarwa, da sabunta waya a kan lokaci, kuma duk waɗannan Android ma tana da su.

To nan maganarka ta shigo, kuma nan ne ni abin ke damuna. Tun da aka buɗe App Store a 2008 Apple ke karɓar kamasho kashi 30 cikin 100 a kan manhajar da aka saya, daga baya har da abin da aka saya na cikin manhaja, sai a 2021 aka rage wa ƙananan masu haɗawa zuwa 15. Wannan kuɗin sau da yawa a kanka yake ƙarewa, domin mai manhaja ƙarawa yake a farashi. Da Epic Games suka sa tasu hanyar biyan kuɗi a wasansu na Fortnite a 2020, ranar aka cire wasan daga App Store. Sannan idan ƙofa ɗaya ce, duk wanda ya matsa wa mai gadin ya gama da kowa. A 2017 an cire manhajojin VPN, waɗanda ake bi da su a shiga shafukan da aka toshe, daga App Store na China, a 2024 aka cire WhatsApp da Threads bisa umarnin gwamnatin can, mai iPhone a can ba shi da damar sa su daga waje kamar mai Android. Wannan ai ba tsaronka ake ba.

Abin da ya faru a Tarayyar Turai ne ya ƙara min tabbaci. Dokarsu ta kasuwannin dijital ta tilasta wa Apple barin wasu shagunan manhaja daga Maris 2024, kuma har yanzu kowace manhaja sai ta bi ta wani binciken tsaro na Apple kafin ta hau waya. Ka ga ashe ana iya raba bincike da mallakar kasuwa, ba dole sai an haɗa su ba kamar yadda aka daɗe ana gaya mana.

Kai da ka riga ka koma iPhone, abin da za ka fi lura da shi shi ne manhajojin da ke cewa gwaji kyauta na kwana uku sannan su fara cirar kuɗi duk sati, ka riƙa leƙa Subscriptions a cikin Settings kana soke wanda ba ka gane ba. In kuma akwai Android a hannun iyaye ko yara, ka kashe musu izinin sa manhaja daga waje, ka bar Play Protect, mai binciken manhajoji na Google, a kunne, su kuma irin GB WhatsApp ɗin nan a cire su, don ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba kuma WhatsApp na rufe lambar da ta kama da su.