Ku Tambayi Malamin Lissafi: Ƙwallo a Buhu, Ƙuri'ar Adashe da Shidan Ludo

Salamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, lissafin yiwuwa, wanda ƴan lise ke ce ma furoba, to ga waɗanda na tsinta daga ciki.

Tambaya: Mushe barka da aiki. Ni ƴar Tarminal D ce a nan unguwar Birni, bana zan yi bak, jarrabawar gama lise, in sha Allah. An ba mu wani aiki wai buhu ne da ƙwallo 8 a ciki, 5 jajaye 3 farare, aka zaro biyu ɗaya bayan ɗaya ba a mayar da na farko ba, mene ne yiwuwar duka biyun su zama ja. Ni na yi 5/8 sau 5/8 na samu 25/64, sai aka soke mini da jan bik aka rubuta 5/14, wlh har yanzu ban ga inda 14 ɗin nan ta fito ba tunda babu ita a tambayar. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Ƴata, ai amsar tana cikin saƙonki, ke da kanki kika rubuta ba a mayar da na farko ba, amma da kika zo lissafi sai kika mayar da shi. Zaro na farko kin yi daidai, jajaye 5 cikin ƙwallo 8, 5/8. To yanzu jan nan yana hannunki, leƙa buhun, saura nawa? Bakwai, kuma jajayen ciki huɗu ne. Na biyu kenan 4/7. 5/8 sau 4/7 ya ba da 20/56, ki raba sama da ƙasa da 4, ga 5/14 ɗinki ta fito. 25/64 da kika samu amsa ce mai kyau amma ta wata tambayar daban, wadda ake mayar da ƙwallon a girgiza buhu kafin a sake sa hannu. Shi ya sa tun kafin ki taɓa kalkilatiris ki nemo a takardar ko an ce avec remise (ana mayarwa), ko sans remise (ba a mayarwa), ko simultanément (a lokaci guda), ki ja masa layi. In a lokaci guda aka zaro su, hanyoyin ɗaukar 2 cikin 8 guda 28 ne, na ɗaukar jajaye 2 cikin 5 guda 10, 10/28, nan ma 5/14 ce.

Amma ni abin da ke damuna da ƴan bak shi ne gaggawar neman formil, yaro bai ma gama karanta tambaya ba ya fara rubuta alamomin ƙirga hanyoyin zaɓi, C da A da faktoriyel, kamar ana korarsa, alhali da ya zana bishiya mai rassa huɗu a burwayo, takardar gwaji, da ya ga komi da idonsa. Gwada ki gani. Ja da ja 20/56. Ja sannan fari, 5/8 sau 3/7, 15/56. Fari sannan ja, 3/8 sau 5/7, shi ma 15/56. Fari da fari, 3/8 sau 2/7, 6/56. Tara su, 20 da 15 da 15 da 6, 56 cif. In kika tara rassanki ba su ba da 1 ba to akwai reshen da kika mance ko kika yi kure, ba sai kin jira mai gyaran takarda ya gaya miki ba. Kuma a nan ne da yawa ke zubar da maki, a ce musu launi daban-daban su rubuta 15/56 su wuce, sun mance fari zai iya riga ja fitowa, amsar 30/56 ce. In kuma kika ga an ce aƙalla fari ɗaya, kar ki wahalar da kanki, nemi akasinsa wato babu fari ko ɗaya, shi ne 5/14 ɗin ɗazu, ki cire daga 1, saura 9/14. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Malam ni uwar adashe ce a kasuwar Dole, mu goma ne, zubin jika biyar-biyar duk Alhamis. Da ƙuri'a muke raba kwasa, a rubuta 1 zuwa 10 a ƴan takardu a nannaɗe a zuba a kwano kowa ta ɗauka. To kullum sai an yi rigima a kan wa za ta fara sa hannu, ta ƙarshe ta ce an cuce ta ragowa aka bar mata. Akwai cuta a ciki ko babu? Ba na son haƙƙin kowa a wuyana.

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, babu cuta. Ta farko yiwuwar ta ɗauki lamba 1 ɗaya ce cikin goma, wannan kowa ya yarda. Ta biyu kuwa sai ta farko ta kuskure tukuna, 9/10, sannan ita ta dace cikin takardu taran da suka rage, 1/9, in aka ninka 9/10 da 1/9 sai taran su cinye juna a koma 1/10. Haka abin zai yi ta tafiya har kan ta ƙarshe, ita ba ta da zaɓi gaskiya ne, amma lamba 1 za ta zame mata in duk taran da ke gabanta sun kuskure, 9/10 sau 8/9 sau 7/8 har zuwa 1/2, kuma in kika bi shi a hankali 1/10 zai ba ki. Abin da ke tada rigimar, ina jin, buɗewa ne da ake yi nan take, ta uku ta buɗe ta yi guɗa ta samu 1, sauran bakwai su ji kamar an rufe musu ƙofa tun ba su sa hannu ba. Ki ce kowa ta damƙe tata sai an gama ɗauka a buɗe tare. Inda cuta za ta iya shiga shi ne takardun, in wata ta fi wata girma ko tawada ta huda ta baya, to mai fara ɗauka ta fi samun dama. Takarda iri ɗaya, naɗi iri ɗaya, kuma wadda ta rubuta ita ce za ta ɗauka a ƙarshe.

Tambaya: Malam gardama ce ta sarƙe a fadarmu ta Zango wajen ludo. Wani ya ce tunda ɗan ludo fuska shida gare shi, in ka jefa sau shida dole shida ta fito, in kuma ka yi biyar ba ta zo ba to na shidan tabbas ne.

Amsa: Ƙanena ka ce masa ya biya kuɗin shayin yau. Ɗan ludo bai san me ya yi ɗazu ba, ko ka jefa sau ashirin babu shida, jifa na gaba 1/6 ne kamar na farko. Yiwuwar ka jefa sau shida ba ka ga shida ba ita ce 5/6 a ninka ta da kanta sau shida, 15625/46656, wajen kashi 33 cikin 100, wato kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi jifa shida ƴaƴansa na zaune a gida. A jifa uku yiwuwar ganin shida aƙalla sau ɗaya 91/216 ce, wajen kashi 42, sai a jifa na huɗu take haye rabi da kaɗan, 671/1296, wajen kashi 52. Irin waɗannan tambayoyin ne wani ɗan caca a Faransa, Chevalier de Méré, ya kai wa Blaise Pascal, shi kuma suka yi ta musayar wasiƙu da Pierre de Fermat a 1654, daga nan fannin ya kafu. Ban ce ku je ku gwada da kuɗi ba fa.

Kuskuren abokinka shi ne dai na masu ce wa mai ƴaƴa mata huɗu wannan cikin dole Tanko ne. Haihuwa ta Allah ce, a ƙididdiga kuwa ana haifar maza wajen 105 a kan kowane mata 100, kuma ciki na biyar ba ya duba na baya.

Mai tambaya a kan lissafin gado, saƙonka ya iso amma ba ka faɗi ko mamacin ya bar iyaye ba, ka sake turowa da wannan bayanin.