Amsa: darajar gidaje ta hau, me ya hana harajin birni hawa?

Malama, wallahi tambayarki ta taɓa ni. Kin ce darajar gidaje a birninku na Massachusetts ta hau sosai, amma an ce ba za ku ƙara harajin kadarori yadda kuke so ba, ga giɓi a kasafin baɗi, ga kansiloli suna kallonki kamar ke kika ɓoye kuɗin. Duk wanda ya zauna a ofishin kuɗi na birni a jihar nan ya san wannan ciwon kai. Ki kwantar da hankalinki, lissafinki daidai yake.

Dokar Proposition 2½ da jama'a suka amince da ita a 1980 iyaka biyu ta kafa. Ta sama ita ce jimillar harajin ba za ta wuce kashi 2.5 cikin 100 na darajar duk kadarorin da ake sa wa haraji a birnin ba. Hawan darajar gidaje wannan kaɗai yake ɗagawa, kuma yawancin birane ba ita ce ke matse su ba. Mai matsewar ita ce ta shekara-shekara: iyakar bara, a ƙara mata kashi 2.5, a ƙara kuɗin sababbin gine-gine. A ce iyakarku ta bara dala miliyan 100 ce. Ƙarin miliyan 2.5 ke nan. In an yi sababbin gine-gine na miliyan 40, kuma farashin harajin bara dala 12 ne a kan kowace 1,000, an samu 480,000. Iyakarku 102,980,000, ko da darajar gidaje ta ninka. In daraja ta hau, farashin harajin ne zai sauka. Ki lura, da farashin bara ake lissafin sabon gini, ba na bana ba, nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kuma iyakar bara ake ɗorawa a kai, ba abin da kuka tara a zahiri ba, don haka ki duba ko akwai sararin da ba ku cike ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake rufe giɓin. Inshorar lafiyar ma'aikata da fansho suna gudu fiye da kashi 2.5, kuɗin makarantu kuma jiha ta sa mafi ƙarancin da dole a kashe. Sai wani kansila da ba ya son ya fuskanci masu zaɓe ya ce ai a ɗaga hasashen kuɗin shiga na cikin gida kawai, harajin motoci, kuɗin izinin gini, tarar ajiye mota. A rubuta adadin da ba a taɓa tarawa ba, a tafa, a watse. Sai Disamba. Takardar ƙayyade farashin haraji ta isa sashen kula da ƙananan hukumomi na hukumar harajin jiha, su ga hasashen ya wuce abin da aka tara bara ba tare da hujja ba, su riƙe takardar. In babu sa hannunsu, ba farashin haraji, ba takardun biya. In kuna karɓar haraji sau huɗu a shekara kuma takardun ba su fita kafin 31 ga Disamba ba, kuɗin da ya kamata ya shigo 1 ga Fabrairu sai ya koma Mayu. Albashi kuwa ba ya jira. A ci bashi na ɗan lokaci, a biya ruwa, a kira taron gaggawa a tsakiyar hutu don a yanke kasafin da aka riga aka ci rabinsa. Shi wanda ya kawo shawarar kuma shi ne zai fara miƙewa yana tambayar me ofishin kuɗi yake yi. Don Allah duk hasashen da aka tilasta miki, ki rubuta rashin amincewarki ki ajiye kwafi.

Babbar hanyar halal ta wuce iyakar ita ce ta akwatin zaɓe. Akwai ƙarin dindindin, wanda in ya samu rinjaye yake shiga tushen lissafi har abada, amma ba zai wuce iyakar sama ba. Akwai kuma na biyan bashin wani aiki, kamar ginin makaranta, wanda ke ƙarewa da ƙarewar bashin kuma ba a ɗora masa kashi 2.5. Kada ki haɗa su a layi ɗaya a takardarki.

Af, kuɗin share ƙanƙara. Shi doka ta yarda a kashe fiye da abin da aka ware, muddin abin da aka ware bai gaza na bara ba. Amma ba kyauta ba ne, giɓin yana dawowa ya ci daga iyakar shekara mai zuwa tun kafin ki ware wa kowa sisi. Haka kuɗin da ake ajiyewa don masu ƙorafin ƙimar da aka yi wa kadarorinsu, shi ma cikin iyakar yake. Rarar bara da jiha ta tantance kuwa, ki roƙi kansiloli kada su biya albashi da ita, a sayi motar kashe gobara ko a gyara rufin makaranta. Ki fara zama da masu kimanta darajar kadarori tun bazara, ku bi izinin gini ɗaya bayan ɗaya, don duk ginin da bai shiga lissafi ba kuɗi ne kuka bari a ƙasa.